Ankon Sallah da Mai Takaba

A shekarata ta biyu a makarantar koyon aikin lafiya aka tura ni wani ƙaramin asibiti a Goronyo, in yi wata huɗu ina koyon aiki a hannun ma'aikata. Ni 'yar Wurno ce, ba wani nisa aka kai ni ba, amma kunya ta sa wurin ya zame mini kamar wata ƙasa. Ban iya shiga hira ba. In an yi dariya sai in makara, in an tambaye ni abu sai amsar ta zo mini bayan mai tambayar ya wuce. Abin da na iya shi ne rubutu. Katin awon ciki in na cika shi ba ka ganin gogewa ko ɗaya, kuma ko ɗan gajeren layi zan ja sai na ɗauko rula.

Asibitin ɗaki biyar ne da baranda. Mata na zuwa daga Giyawa da Kagara da ƙauyukan bakin ruwa, wasu a bayan babur, wasu a amalanken jaki, kafin hantsi sun cika barandar. Lokacin cirar albasa ne, warinta na biyo kowa har cikin ɗakin allura. Mu ma'aikata, har da ni da mai shara da mai gadi, ba mu wuce goma sha ɗaya ba. Akwai Hajiya, shugabar wurin, mai saurin magana da saurin yanke hukunci. Akwai wanda ke ba da magani ta taga, kowa Malam yake ce masa, bakinsa ba ya hutawa da tsokana. Sai ungozomarmu, wadda babba da yaro ke kira Gwaggo.

Gwaggo ce ta fara jana a jiki. Kwana uku da zuwana ta same ni tsaye a bakin ɗakin haihuwa na kasa shiga, sai ta ce, "Ɗiyata, ƙohwar ga ba ta cizo. Shigo ki riƙa mani kwanon ga." Daga ranar duk haihuwar da za a karɓa sai ta leƙo ta kira ni. Ita ta koya mini yadda ake jin kwanciyar jariri da tafin hannu, da yadda ake yi wa mai naƙuda faɗa ba tare da an karya mata zuciya ba.

Sati biyu da zuwana mijinta ya rasu. Masunci ne, a dam ɗin Goronyo yake kamun kifi, ciwon kwana uku ya yi. Gwaggo ta shiga takaba, zaman wata huɗu da kwana goma da mace ke yi bayan mutuwar miji, ba ado ba kwalliya. Bayan kwana arba'in, a farkon azumi, ta dawo aiki, don babu wata ungozoma a wurin, kuma mata ba su fasa haihuwa ba. Ta tambayi limamin unguwarsu, ya ce ta fita da rana ta dawo ta kwana ɗakinta. Ta dawo mana da wani shuɗin hijabi da ya koɗe, ido ba kwalli, kunne ba ɗan kunne, muryarta ta yi ƙasa. Amma hannunta na nan yadda yake.

Asibitin na da wata al'ada. Ranar da aka koma aiki bayan Ƙaramar Sallah ba a sa fararen kaya. Kowa anko yake yi, mata atamfa iri ɗaya, maza kuma a ɗinka musu riga da ita, a sha lalle, a kawo cincin da soyayyen kifi, a tsaya a baranda a ɗauki hoto kafin a fara ganin marasa lafiya. Hotunan shekarun baya suna jere a bangon ofishin Hajiya. Mutane sun zo sun tafi a cikinsu, amma Gwaggo na cikin kowanne, kullum a tsakiya, ɗaurin kallabinta ya fi na kowa tsawo.

Azumi na da goma Hajiya ta kira ni. Ta nuna mini hoton atamfar bana a wayarta, ja ce mai zanen ruwan zinare, irin wadda ko daga nesa sai ka waiga. Ta ce ƙanenta da ke sayar da atamfa a Sakkwato zai aiko, amma yana son ya san turmi nawa. "Ke mai rula," ta ce, "rubuta mani sunan kowa, ki hwaɗa mani adadi, ki liƙa takardar ga allo. Yau nika so."

Bayan la'asar, da baranda ta yi shiru, na zauna na rubuta. Na jera sunayen bisa girma, Hajiya ta ɗaya, Gwaggo ta biyu, har zuwa kaina a ƙarshe. Na sa har da 'yar bautar ƙasa da ke ɗakin gwajin jini, wadda ba Musulma ba ce amma tun kafin azumi take tambayar wane tela ya fi iya ɗinki. Na gama, na karanta, sai idona ya tsaya a lamba ta biyu.

Na tuna darasinmu na Islamiyya a kan takaba. Mai takaba ba ta sa tufa mai ado, ba ta lalle, ba ta turare. Ina da littafin a jakata, don ni ko kasuwa za ni sai na ɗauki littafi. Na buɗe na karanta wurin sau biyu. Na lissafa kwanakin Gwaggo da yatsu, na ga Sallah za ta same ta a tsakiyar takaba. Sai na ce wa kaina, in ta ga sunanta a jerin jar atamfa za ta ji kamar an manta da rashin da ta yi, kamar ana mata tayin abin da bai halatta gare ta ba. Na ji daɗin kaina da na gano wannan ba wanda ya nuna mini. Na ɗauko sabuwar takarda na sake rubutawa ba sunanta, na gyara lambobin yadda ba za a ga giɓi ba. Na ce wa Hajiya turmi goma. Tana kan waya, ta maimaita wa ƙanenta goma, ko takardar ba ta duba ba. Na liƙa ta a allon sanarwa da ƙusoshi huɗu, kowace kusurwa ɗaya.

Ban tambayi Gwaggo ba. Tambayar ce ma na guje wa, don ban san da wane baki zan ce mata kalmar takaba ba.

Washegari ina cika kati a baranda ta iso. Ta gaida matan da ke zaune, ta wuce ta gaban allon, sai ta dawo. Ta ɗora yatsa a kan takardar ta bi sunayen daga sama har ƙasa. Ta sake komawa sama. Ni kuwa biro na hannuna ban rubuta komai ba.

"Wa ya rubuta wagga?" ta ce.

Malam ya leƙo ta tagarsa. "Wa kuwa? Duba layin nan, ko injiniyan dam bai ja shi haka."

Gwaggo ta juyo ta dube ni. Ba ta ɗaure fuska ba, da ta ɗaure da ya fi mini sauƙi.

"Rubutu ya yi kyawo, Malama," ta ce, ta shige ɗakin haihuwa.

Ba ta taɓa ce mini Malama ba sai ranar.

Kafin azahar Hajiya ta aiko a kira ni. Na same ta tsaye, takardar na hannunta, ta ciro ta daga allon har kusurwa ɗaya ta yage.

"Ina sunan Gwaggo?"

Na ce, "Hajiya, takaba take yi. Na duba littafi, bai halatta ta..."

"Littahi! Ni ban san tana takaba ba? Ba ni nir raka ta gida ranar da anka yi rasuwar ba? Wa yac ce ki cire ta?"

Ta ajiye takardar a tebur ta ci gaba.

"Yanzu ta hito nan. Ta ce ranar anko ba ta zuwa, tunda an riga an sallame ta. Shekara nawa matar ga tana tsayuwa tsakiyar hoton ga, tun ba ki gama firamare ba."

Ta kira ƙanenta a gabana ta ce a ƙara turmi ɗaya. Na ji muryarsa daga wayar yana cewa irin ta ƙare, goman nan ma da ƙyar ya haɗa, mutanen wani biki sun kwashe sauran. Hajiya ta ajiye wayar ta ce in tafi in ba ta wuri.

Kwanakin da suka biyo baya ban zauna daidai ba. Gwaggo ba ta yi mini faɗa ba, ba ta daina amsa gaisuwata ba. Kira ne kawai ta daina. Sai in ji kukan jariri daga ɗakin haihuwa in gane an karɓi haihuwa ba ni. Na rubuta abin da zan ce mata a bayan wani tsohon kati, na gyara, na haddace. Sau nawa na taso daga teburina na nufi ɗakinta, in na kai ƙofa sai in wuce randar baranda kamar ruwa zan sha, alhali azumi nake. Malam ya lura.

"Ke ɗiyar Wurno, randar ga ta yi maki wani laihi? Tun sahe kina zagaya ta awa mai ɗawahi."

Mata suka yi dariya. Na koma na zauna, na cika kati biyu, na sake tashi.

Zafi ya yi yawa a azumin nan. In na koma masaukina, gidan wata ƙanwar babana, sai in zauna a tabarma in buɗe littafin nan in sake karanta wurin, ina neman inda na yi kuskure. Babu. Abin da na karanta daidai ne. Wannan ya fi komai hana ni sukuni, don da na ga kuskure a shafin da na san abin da zan gyara.

Atamfar ta iso azumi na da ashirin. Aka zube ta a teburin Hajiya, kowa ya ɗauki turminsa ana shewa, 'yar bautar ƙasa ta yafa nata a kafaɗa tana taku a baranda. Gwaggo ta fito wanke hannu, ta tsaya ta taɓa gefen na mai shara da yatsu biyu, ta ce, "Kai, bana an zaɓo," ta koma ciki. Na cusa nawa a ƙasan jaka. Kowa ya kai wa tela a satin, ni ban kai ba. Kullum sai in ce gobe.

Ana saura kwana biyu Sallah aka ba mu hutu na tafi Wurno. Mahaifiyata ta zazzage jakata ta ga turmin ko ledarsa ba a cire ba.

"Wagga hwa? Yanzu wane tela za ya amshi ɗinki? Ke kam karatu ya cinye maki wayo."

Kakata, mahaifiyar babana, tana zaune bakin ɗakinta tana tsinke zogale. Mutuniyar Tursa ce, ta ƙasar Rabah, a can ta yi aure ta yi zawarci kafin babana ya ɗauko ta. Ta bari mahaifiyata ta shiga madafa sannan ta yafito ni.

"Zo nan. Tun da kinka shigo kin zauna wuri huɗu. Mi ad damuwarki?"

Na zauna kusa da ita ina taya ta tsinka, na ba ta labari duka, har da duba littafin. Na zaci za ta ce na yi daidai, don ita mace ce mai tsananin riƙo da addini. Sai ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Kin tambaye ta?"

"A'a, Kaka. Ai ba za ta iya sawa ba."

"Ita ba ta san haka ba, sai ke?" Ta watsa ganye a kwano. "Da kakanki ya rasu, ina cikin takaba anka yi bukin ɗiyar maƙwabciyata, wadda munka yi shekara ashirin muna ɗibar ruwa rijiya guda. Anka raba goron gayyata gida gida, anka tsallake ƙohwata. Wai kada a tada mani hankali. Ina ɗaki ina jin mai rabon ta wuce. Wallahi ranar na yi kukan da ban yi ba ranar da anka ɗauki gawa."

"To da an kawo za ki je?"

"In je ina, ina takaba? Amma a kawo mani, ni in ce ba ni zuwa. Bakina na nan, ba shi am mutu ba."

Na ci gaba da tsinka har na haɗa da itacen. Ta buge mini hannu.

Ranar Sallah na sa tsohon leshina na bara, na je idi, na ci tuwo, na gaida dangi, amma hankalina na Goronyo. Washegari da safe na ce wa mahaifiyata zan koma. Ta ce hutu bai ƙare ba sai jibi, na ce akwai abin da na bari. Na shiga motar haya, turmin na kan cinyata. Tun daga tasha nake maimaita maganata, duk ramin da motar ta faɗa sai in rasa inda na tsaya in sake daga farko.

Gidan Gwaggo na can gefen gari wajen fadama. Ban taɓa zuwa ba sai ranar gaisuwar mutuwa, cikin ayari. Na yi sallama a zaure sau biyu a hankali, ba wanda ya ji, sai a ta uku. Tsakar gidan an share ta tas. Koma ta kamun kifi na rataye a bango, a naɗe. Daga maƙwabta ana jin yara da kiɗan waya, nan kuwa shiru. Gwaggo na zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiya da shuɗin hijabinta, tana gyaran shinkafa.

"A'a, Malama ce da rana tsaka? Barka da Sallah. Lahiya dai?"

Na durƙusa na gaishe ta. Ta tura mini kwanon cincin. Duk abin da na haddace ya gudu. Na ciro turmin na ajiye a gabanta, na ce, "Gwaggo, naki ne."

Ta dubi atamfar, ba ta taɓa ba.

"Hajiya ta ce irin ta ƙare."

"Nawa ne na kawo miki."

"To mi zan yi da shi? Ba ke kinka duba littahi ba?"

Ashe Hajiya ta gaya mata. Na ce, "Ki ajiye har ki fita. Ko ki bayar. Ko ki ce ba ki so. Ni dai da ban cire sunanki ba. Ban tambaye ki ba, Gwaggo, kunya ta hana ni. Ki yafe mini."

Ta tsince tsakuwa daga shinkafar ta yar, sannan ta yi magana.

"Kin san mi ya kai ni wurin allon nan? Zuwa niy yi in ga sunana, in shiga in ce ma Hajiya ta aje mani nawa sai na hita. Tun da anka hwara maganar anko nika shirya yadda zan hwaɗa mata ba tare da na yi kuka ba. Sai nit tarar an hutasshe ni." Ta ɗago. "Gida an ɗauke mani tabarmar mutum guda. In zo wurin aiki kuma in iske an ɗauke tawa."

Na sunkuyar da kai. Hawaye na ɗiga a kan ledar atamfar, ina jin ƙararsu.

"Bari kuka, kada ki jiƙa mani kaya," ta ce. Ta jawo turmin ta tura shi bayanta. "Ci cincin."

Na ci ɗaya. Na tattara ƙarfina na ce, "Za ki zo jibi?"

"Allah ya kai mu."

Na fito ban san ko na gyara ko na ƙara ɓatawa ba.

Ranar komawa aiki na riga kowa zuwa, da fararen kayana na kullum. Na ce wa kaina hakan ma ya yi, in Gwaggo ta zo ba za ta zama ita kaɗai ba ce marar anko. Na share teburina, na jera katuna, na sake jera su. Ma'aikata suka fara isowa ɗaya bayan ɗaya, baranda ta yi ja. Mai gadi ya sha riga har gwiwa, Malam ya karkata hula, 'yar bautar ƙasa ta zo da lalle har gwiwar hannu tana nuna wa kowa. Matan da suka zo awo suna ta yaba ɗinkuna.

Malam ya dube ni sama da ƙasa. "Ke kuma hwa? Mai rubuta sunaye ta manta da nata?"

Hajiya ta fito da ɗauri kamar zai taɓa rufi. Ta dube ni, ta buɗe baki, sai ta fasa. Ta duba agogo ta ce a jira kaɗan. Ba ta faɗi wanda ake jira ba, kowa ya sani. Na je bakin ƙofar asibiti na leƙa hanya, na dawo. Babur ya tsaya, na sake fita, wata mai ciki ce daga Kagara. Kifi ya fara hucewa. Mai gadi, wanda zai ba wani direba waya ya ɗauke mu, ya ce rana na hawa, hoton zai yi haske da yawa. Hajiya ta ce, "To ku jeru."

Muna cikin jeruwa Gwaggo ta shigo da ƙafa, a hankali, da shuɗin hijabinta da baƙar leda a hannu. Kowa ya hau gaishe ta lokaci guda. Ta amsa ɗaya bayan ɗaya. Da ta iso kaina sai ta tsaya, ta dubi fararen kayana.

"Mi nika gani haka?"

Na ce a hankali, "Na ce in taya ki, Gwaggo."

"Ki taya ni mi? Mijinki ya mutu?"

Malam ya fashe da dariya har ya riƙe ginshiƙi. "Ko na hwarko ba ta samu ba, Gwaggo!"

"To ka ji. Ɗiya budurwa ranar kwalliya ta zo mani awa majinyaciya. Takaba ba a taya mutum ita. Tawa ce, ki bar mani abina." Ta juya wajen Malam. "Kai kuma bar washe haƙora, miƙo mani almakashi."

Ya miƙo na yankan bandeji ta taga. Hajiya ta ce, "Gwaggo, almakashin aiki na hwa!" Gwaggo ta ce ai wannan ma aiki ne. Ta zaro turmin daga leda, ta warware shi a kan bencin masu awo, ta auna da hannu daga hanci zuwa yatsa sau biyu, ta ɗan tsaga bakin, ta ja. Ƙarar yagewar ta cika barandar. Ta sake yanko wani siriri daga gefe.

"Ɗaga hannu."

Ta ɗaura mini zanen a kan fararen kayana, a gaban kowa, ta ja shi tam har na kasa numfashi sosai. Siririn kuma ta naɗa mini a kan ɗan hijabina, ta soke bakinsa ta baya. Zare na zubowa daga gefen da aka yaga. Matan awo suna ta ba da shawara, wata ta ce a karkata shi hagu, wata ta ce yarinyar ma ashe kyakkyawa ce in ta ɗaga kai. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban so a daina ba.

Sauran yadin ta ninke ta mayar leda. "Wanga nawa na. Ranar da nih hita kun gani."

Hajiya ta matsa ta buɗe mata wuri a tsakiya. Mai shara ta ce ko hoto ma bai kamata ba ga mai takaba, Gwaggo ta ce ita ba ta ji an hana tsayuwa ba, kuma in akwai mai shakka ga Malama nan da littafi a jaka. Aka sake yin dariya, har da ni. Ta shiga ta tsaya, ta kamo hannuna ta ajiye ni a gabanta, ni da ya kamata in kasance can ƙarshen layi.

Direban ya ɗauka sau uku. A cikin hoton mutum tara sun yi ja sun yi zinare, a tsakiya ga mace ɗaya cikin shuɗi ba ta murmushi ba ta kuma ɗaure fuska ba, a gabanta ga ni, rabi fari rabi ja, idona a rufe a duka ukun.

Ba mu gama cin kifin ba aka shigo da wata daga Giyawa, naƙuda ta kama ta tun a hanya. Gwaggo ta ajiye ledarta a ofishin Hajiya ta wanke hannu. Daga bakin ƙofa ta waigo.

"Malama, tsayuwar mi kike? Sa leda bisa zanen ga ki taho."

Na bi ta a guje, zanen na harɗe mini ƙafa.

Wata huɗuna suka cika saura sati uku ta fita takaba. Na koma makaranta, jarrabawa ta sha kaina, ban samu zuwa ba ranar da ta yi wankan fita. Ban ga abin da tela ya iya fitar mata daga abin da ya rage na turmin ba. Na sha ɗaukar waya in kira ta in tambaya ko ya isa riga da zane, sai in ajiye in ce sai na shirya abin da zan faɗa.